Anti, "I paid" da "I was paying" sun kusa raba ni da aikina

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce da yara biyu, ina aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Ina da difloma kuma in magana ce da Turanci ba laifi ina ganewa ina mayarwa, matsalata rubutu. Duk yamma sai mun tura rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita a guruf ɗin WhatsApp na ofis, da Turanci, saboda manajanmu ba ya jin Hausa. Kwanaki na biya wani direba kuɗin dakonsa cif na rubuta "I was paying the driver yesterday", sai manaja ya amsa a gaban kowa wai to kin gama biyansa ne ko baki gama ba, ina ragowar kuɗin? Har akanta ya kira direban, shi ne ya ce an ba shi duka. Wallahi Anti ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan na ce na daina saka "was" kwata-kwata, sai ranar da ruwa ya jiƙa mana wasu katan na rubuta "When the rain started we covered the goods", alhali tun da hadari ya haɗo muke ta rufewa ruwan ya same mu a kai, shi kuma manaja ya fahimci zama muka yi sai da ruwa ya sauko, ya yi min faɗan sakaci. Tun ranar wata abokiyar aikina ke rubuta min rahoto, yanzu kuma ta fara gaya wa mutane ita ke min aikina. Maigidana ya ce ko in ajiye aikin ko in shiga lesin, lesin ɗin kuma kuɗi ne da bamu da su yanzu. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga ajiyewa. Mene ne bambancin "I paid" da "I was paying", kuma ya zan yi da mutanen nan?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da kika rubuto tun kafin ki miƙa takardar ajiye aiki. Na karanta saƙonki a tsanake kuma wurin da ya fi taɓa ni shi ne kiran da akanta ya yi wa direba. Duk wanda ya taɓa riƙe makullin sito ko kuɗin wani ya san abin da kika ji a ranar, mutum gara a ce masa bai iya Turanci ba sau ɗari da a yi masa kallon wanda ya ci amana sau ɗaya, don haka kar wani ya ce miki kin cika ɗaukar abu da zafi, dole ki ji ciwo. Amma ki riƙe wannan, an kira direban kuma da bakinsa ya ce an ba shi kuɗinsa duka, kinga kiran da ya ƙona miki rai shi ne kuma ya wanke ki. Abin da ya rage yanzu gyaran rubutu ne, shi kuma ba wani babban aiki ba ne in aka bi ta inda ya dace.

A littattafan makaranta irin su "I paid" ana kiransu simple past, irin su "I was paying" kuma past progressive, wasu littattafan su ce past continuous, duk abu ɗaya ne kar sunayen su ruɗa ki. Ni a nan zan riƙa kiran na farkon "an gama" na biyun kuma "ana ciki", domin aikinsu ke nan. Dukansu biyun maganar abin da ya wuce suke yi, ba wanda ya fi wani tsufa. Na farkon yana kallon aikin ne daga waje a dunƙule, an yi an gama. Na biyun yana tsayar da ke a tsakiyar aikin lokacin da yake gudana, kuma bai yi miki alkawarin an kai ƙarshe ba. Kamar tuwo ne, "I cooked" an kwashe an malmala an rufe a kula, "I was cooking" tukunya na kan wuta ana tuƙawa, ko ya dahu ko itace ya ƙare ba a gaya miki ba tukuna.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne wannan bambancin kin fi ƙarfinsa tun kina ƙarama, domin Hausa a kansa ta ginu. Waɗanda suka yi darasin Hausa a sakandare za su tuna shuɗaɗɗen lokaci, su na ci, ka ci, mun ci, da lokaci mai ci, su ina ci, kana ci, muna ci. Ki lura da wani abu, Bahaushe zai ce "yanzu ina dafa abinci", ya ce "jiya da kika kira ina dafa abinci", ya kuma ce "gobe war haka ina dafa abinci", duka ukun "ina" ɗin bai canza ba, kalmar jiya da gobe ce ke nuna lokacin. Haka zai ce "gobe kafin ki zo na gama" alhali goben ma bata yi ba. Wato Hausa abin da ta fi damuwa da shi shi ne an gama ko ana ciki. Turanci kuma sai ya ƙara miki aiki ɗaya, ya ce dole ki nuna lokacin a jikin aikatau ɗin kansa, wato kalmar da ke nuna aikin, "ina" na yanzu ya zama "am", "ina" na jiya ya zama "was". A nan ne da yawanmu muke zamewa, sai mutum ya ɗauka "was" ita ce tambarin jiya, duk abin da ya faru jiya sai ya liƙa masa "was" da "ing", bai san ya fassara "ina" ba ne a inda yake nufin "na".

To ga gwajin da nake so ki riƙa yi kafin ki danna tura saƙo, ki faɗi maganar da Hausa a zuciyarki tukuna. Ranar direba me kike nufi? "Jiya na biya direba." Tunda "na biya" ce ta fito to "I paid the driver yesterday" ke nan, magana ta ƙare. Abin da kika rubuta kuwa fassararsa ita ce "jiya ina cikin biyan direba", ki yi shiru daga nan. Dan Allah ke da kanki in wani ya ce miki haka ya yi shiru me za ki ce? Ai cewa za ki yi sai aka yi yaya? Domin kunnenki yana jiran wani abu da ya katse biyan, ko kuɗin ya gaza ko netwok ya ɗauke ko direban ya yi fushi ya tafi. Shi ma manaja abin da kunnensa ya jira ke nan, da bai ji ƙarashen ba sai hankalinsa ya tafi kan ragowar kuɗi. Shi ya sa "ana ciki" ba ya son tsayawa shi kaɗai a rahoto, ko dai ya zo da abin da ya faɗo a tsakiyarsa, kamar "I was paying the driver when the network failed", ina cikin biyansa netwok ya ɗauke, ko ya zo da takamaiman lokaci a matsayin amsar tambaya, kamar a ce miki me kike yi da ƙarfe 3 ki ce "At 3pm I was paying the driver".

Ranar ruwa kuma sai abin ya juye, gudun "was" ɗin ne ya jawo miki faɗa. Da Hausa me ya faru? "Muna cikin rufe kaya ruwa ya sauko." Kinga "muna cikin" ta fito ƙarara, to Turancinsa "We were covering the goods when the rain started". Aikin da ke gudana ya ɗauki "were covering", abin da ya faɗo masa ya ɗauki "started". Shi kuwa wanda kika tura, da kika sa aikatau biyun duka a "an gama" kika haɗa su da "when", Bature yana karanta su a jere ne, wannan ya faru sannan wannan ya biyo baya, daidai da ki ce "da ruwa ya sauko sai muka rufe kaya". Wannan "da kaza sai muka kaza" ta ba da labari a Hausa ita ce jerin simple past a Turanci. Ki gwada da wannan ki ji, "When oga came I opened the store" da oga ya zo sai na buɗe sito, ma'ana sai da ya zo, amma "When oga came I was opening the store" oga ya zo ya same ni ina buɗewa. Kalma ɗaya da ɗan "ing" amma ɗaya na nuna mai jiran a sa ido, ɗaya na nuna wadda ta riga ta kama aiki. In kuma ayyuka biyu ne ke tafiya tare ba wanda ya katse wani sai ki ba su "ana ciki" duka ki haɗa da "while", "While I was counting, the boys were loading", ina ƙirgawa yara na lodi.

Wannan gwajin na Hausa zai fitar da ke a mafi yawan jimlolin da za ki rubuta a sito, amma akwai wuraren da zai yaudare ki kuma gara in nuna miki su tun yanzu. Babbansu shi ne kalmomin da ba aiki suke nunawa ba, hali ne ko mallaka ko abin da ke cikin zuciya. Mu muna cewa ina da, ina so, ina ji, ina gani, ina bin sa bashi, duk da "ina", sai hannu ya tafi kai tsaye ya rubuta "I was having ten cartons", "I was wanting to tell you", "he was owing us". Za ki ji irin wannan a bakin mutane da yawa a Najeriya har da masu manyan digiri, kuma a hira ba mai tsayar da ke, amma a daidaitaccen Turancin da ake rubuta rahoto da shi kalmomi irin su have na mallaka, know, want, need, like, believe, understand, belong, owe ba sa ɗaukar "ing" a wannan ma'anar. Sai dai "I had ten cartons", "I wanted to tell you", "he owed us", "I knew", "we needed". Have ɗin ma tana da fuska biyu, in tana nufin cin abinci ko yin taro to ta zama aiki, "we were having a meeting when you called" daidai ne, muna cikin mitin ka kira, amma "I was having the key" ba daidai ba ne tunda ba za ki ce "ina cikin da makulli" ba. Kinga ko a nan in kika dage sai kin cusa kalmar "cikin" a Hausar za ki ji inda ta ƙi zama, shi ya sa na fi son ki yi gwajin da "ina cikin" cikakkiya ba "ina" kawai ba.

Sai abin da aka saba yi a da. "Da can ina zuwa sito da ƙarfe 7" ko "nakan zo da ƙarfe 7", wannan al'ada ce ba aiki ɗaya da ake tsakiyarsa ba, Turancinsa "I came at 7 every day" ko "I used to come at 7". Haka tsawon lokaci shi kaɗai ba ya wajabta "ing", mutane da yawa suna ganin in abu ya daɗe dole a ce "was", alhali "I worked there for three years" ita ce maganar da aka saba, na yi shekara uku ina aiki a can, an yi an wuce wurin. Kuma duk inda kika ambaci adadin da aka kammala to "an gama" ne, "I counted 40 cartons", don in kina cikin ƙirga ai baki san arba'in ba ne tukuna.

Akwai kuma wata "was" da bai kamata ki ji tsoronta ba, wadda ke zuwa ba tare da "ing" ba. "The driver was paid", an biya direba. "The goods were delivered", an kai kaya. "The store was locked", sito a kulle yake ko an kulle sito. Duk waɗannan an gama ne, kawai ba a ambaci wanda ya yi aikin ba, daidai da "an" ɗinmu ta Hausa, kuma rahoton ofis cike yake da su. Da kika ce kin daina "was" kwata-kwata har waɗannan kika kora, su kuma ba su yi miki laifin komai ba. Ki dai tuna I, he, she, it suna tafiya da "was", we, you, they da "were", sannan in za ki kore magana "did not pay" ake cewa ba "did not paid" ba, "did" ɗin ta riga ta ɗauke nauyin jiya. Wata ƴar ƙarama da za ta yi miki amfani wajen oga, Turawa suna amfani da "ana ciki" don sassauta roƙo, "I was hoping to leave early today", kamar yadda muke cewa dama ina so ne in ɗan tashi da wuri, wannan ladabi ne a wurin neman alfarma kawai, kar ki kawo shi wurin lissafin kuɗi.

Ina kuma da wani zato, ki duba zuciyarki ki gani ko haka ne. Da yawa suna fakewa da "was" da "ing" ne saboda tana da sauƙin ginawa, kowace kalma ki liƙa mata "ing" shi ke nan, alhali simple past tana da kalmomi masu taurin kai da ba sa bin dokar "ed", pay ta koma paid, send ta koma sent, buy bought, bring brought, take took, give gave, leave left, sell sold, lose lost, write wrote. In mutum bai tabbatar da siffar ba sai ya gudu wurin da ya san ba zai yi kuskuren rubutu ba, ya faɗa kuskuren ma'ana wanda ya fi muni. Irin waɗannan kalmomin a Turanci sun kai wajen 200 amma ke aikin sito ba zai nemi fiye da talatin daga cikinsu ba. Ki buɗe guruf ɗin ki koma baya ki tsinto duk aikatau ɗin da ake maimaitawa a rahotanni, ki rubuta su a bayan littafin sitonki kowanne da siffarsa ta jiya, ki riƙa leƙawa ba kunya har su zauna.

Bari in nuna miki yadda rahoton yini ɗaya zai iya kasancewa, ki canza lambobin da naki. "Today we received 200 cartons of noodles. I counted them and signed the waybill. I paid the driver in full at 3pm. While we were offloading the second truck, it started to rain. We were already covering the goods when the rain became heavy, but 12 cartons got wet." Ki ƙirga da kanki, aikatau bakwai suna "an gama", biyu kacal ke "ana ciki", kuma biyun nan duk suna wurin da wani abu ya faɗo wa wani. Haka rahoto yake, mai karantawa so yake ya san me aka kammala, don haka in kina shakka kuma maganar ta shafi kuɗi ko kaya ko makulli ki ɗauki simple past ki ƙara mata adadi da lokaci da kalma irin "in full", sannan ki ɗora hoton rasit ko baucan da direba ya sa wa hannu. Lamba da rasit suna rufe ƙofar tambaya ko da nahawun ya ɗan karkace.

Yanzu mu zo kan mutane. Manajanki bai yi laifi da ya yi tambaya ba, kuɗin kamfani ne kuma abin da ya karanta ya ba shi dalilin tambaya, shi ma akwai na sama da shi da zai tambaye shi. Inda bai kyauta ba shi ne yin ta a guruf a gaban kowa alhali zai iya kiranki gefe ko ya tura miki ke kaɗai, kuma kina da haƙƙin ki ji haushin hakan. Amma maganar ruwan nan kar ki bar ta haka, domin har yanzu a kansa kin yi sakaci ne, kuma irin wannan shi ake tunawa ranar ƙarin girma ko ranar rage ma'aikata. Ki same shi shi kaɗai lokacin da ba ya cikin hayaniya ko ki tura masa gajeren saƙo, "Sir, I want to correct my report about the rain. We were already covering the goods when it started. I used the wrong tense." Ki ƙara da cewa yaran da suka yi lodin suna nan in yana so ya tambaye su. Ba sai kin yi dogon ban haƙuri ba. Daga nan ki roƙe shi in ya ga wani abu bai fito fili ba a rahotonki ya tambaye ki kai tsaye, yawancin shugabanni in aka zo musu da haka cikin natsuwa suna girmama mutum. Za ma ki iya ba shi shawarar a yi fom guda na rahoto, kaya da suka shigo, kaya da suka fita, kuɗin da aka biya, abin da ya lalace, kowa ya cike gurbi, na tabbata ba ke kaɗai za ki huta ba a ofis ɗin nan.

Akanta kuma aikinsa ya yi, ki bar shi, ki ci gaba da gaisawa da shi yadda kuka saba.

Abokiyar aikinki ita ce wurin da na fi so ki yi hanzari. Ta taimake ki lokacin da kike cikin ruɗani, wannan alheri ne kar ki manta da shi, kuma mai yiwuwa surutun da take yi gajiya ce ko son a san ƙoƙarinta ba lallai mugunta ba. Sai dai tsarin kansa yana da haɗari gare ki ko da bakinta a rufe yake, rahoto yana fita da sunanki amma ba ke kika rubuta ba, ranar da ta sa 21 a wurin 12 ke za a kama, kuma kullum tana ƙara sanin cikin lissafinki ke kuma hannunki yana ƙara sanyi. Ki same ta ki yi mata godiya sosai, in da hali ki haɗa mata da ɗan turare ko wani abin kyautatawa, ki ce mata daga ranar Litinin za ki koma rubutawa da kanki don ki koya. Kar ki tayar da maganar abin da aka ce ta ce, ba za ki ci riba ba, in mutane suka ga rahoto na fita daga hannunki kullum maganar za ta mutu da kanta. In kina buƙatar mai duba miki a makon farko ki nemi na wajen ofis, maigidanki in yana da Turancin, ko ƙaninki da ke shirin WAEC, ko malamar Turancin yaranki, amma ki goge sunaye da ainihin lambobin kamfani kafin ki nuna, wannan ma amana ce.

Shi kuma maigida ki gane cewa ganin ki cikin damuwa ne ya sa ya kawo hanya biyun nan, so yake ki huta. Ki zaunar da shi ki nuna masa akwai ta uku, ki roƙi wata ɗaya ki gwada. Ni dai ban goyi bayan ajiye aiki yanzu ba ko kaɗan, ga halin da ake ciki na tsadar rayuwa ga yara biyu, sannan mafi muhimmanci in kika tafi a daidai wannan gaɓar waɗanda suka ji rabin labarin direba za su ƙarasa shi da kansu, a ce ai dama kuɗi ta taɓa shi ya sa ta gudu. In ma za ki bar wurin wata rana ki bari sai rahotanninki sun yi tsaf kuma kin samu wani aikin a hannu.

Game da lesin, ba kya buƙatar kwas na wata shida a fara miki daga A. Minti goma sha biyar a rana ya isa in kin dage. Shafin BBC Learning English da na LearnEnglish na British Council duk suna da darussa da atisaye kyauta a kan wannan batun, ki rubuta past simple and past continuous a wurin bincike za su fito, data kawai za ki kashe. Wata hanyar da nake so sosai ita ce ki ɗauki labari ɗaya ki karanta shi a Aminiya da Hausa sannan ki nemo shi a Daily Trust da Turanci, tunda gida ɗaya ke buga su sau da yawa za ki samu labarin a duka biyun, musamman labarin haɗarin mota ko gobara ko ambaliya, ki duba duk inda Hausa ta ce "suna cikin" ko "yana kan hanyarsa" ki ga me Turancin ya sa, da inda ta ce "sai suka". Google Translate kuwa yana da Hausa tun 2013 kuma yana taimakawa wajen neman kalma, amma kar ki miƙa masa wannan hukuncin, in kika ba shi "ina biyan direba" bai san jiya kike nufi ko yanzu ba sai ya yi canke, kuma bai kamata ki riƙa zuba masa bayanan kuɗin kamfani ba. In wata ya cika kika ga har yanzu hannunki na rawa to sai ku nemi malamin Turanci na sakandare a unguwa ya zauna da ke ƴan lokuta kaɗan a kan tsofaffin rahotanninki kawai, wannan ba zai kai kuɗin cikakken lesin ba kuma zai fi yi miki amfani.

In kuma duk kin yi wannan manaja ya ci gaba da tozarta ki a guruf to a lokacin matsalar ta tashi daga nahawu, sai ki sake rubuto min mu duba yadda za ki kai ƙorafi ko ki fara neman wani wurin a hankali. A yanzu dai yau da daddare bayan yara sun kwanta ki ɗauki abubuwa biyar da suka faru a sito, ki rubuta su da Hausa, ki ja layi a ƙarƙashin duk "na" da "muka" da "ina cikin", sannan ki mayar da su Turanci. Rahotanni ukun farko da kika rubuta da hannunki ki goge sunaye da lambobi ki turo min ta inda kika turo wannan, zan duba miki su insha Allahu. Allah ya dafa miki, ki gaida maigida da yara.